Saƙonnin da ake yawan turawa: wace kalma ta dace da Turanci?

“Assalamu alaikum Malam. Ni sakatare ne a wata makaranta mai zaman kanta a Zariya. Shugaban makarantarmu ya ce in tattara saƙonnin da muke yawan tura wa iyayen yara a waya, irin na tunin kuɗin makaranta, da sanarwar hutu, da kiran taron iyaye da malamai, in haɗa su a takarda ɗaya da Turanci. Na rubuta ‘Often Messages’ a saman takardar, sai abokin aikina ya ce kuskure ne, ‘Frequent Messages’ ake cewa. Wani malami kuma ya ce in sa ‘Messages Sent Severally’. Wanne ne daidai? Sannan wani uba ya kawo ƙorafi cewa saƙonninmu sun yi yawa, ina son in ba shi amsa da Turanci ba tare da na ɓata masa rai ba. Allah Ya ƙara basira.”

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin, Allah Ya taimake mu baki ɗaya. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema: sunan da za ka sa wa takardar da ta tara saƙonnin da kuke maimaita turawa, da kuma kalmomin da za ka yi wa uban nan bayani da su a kan yawan saƙon. Bari in fara ba ka amsar ta farko don aikinka ya tafi. Ka rubuta “Frequently Sent Messages”, ko kuma wanda ni na fi so, “Message Templates for Parents”. A cikin ukun da ka kawo, naka kuskure ne na nahawu, na abokin aikinka Turanci ne mai kyau amma ba abin da kake nufi ya faɗa ba, na malamin kuma zai wuce a Najeriya amma zai rikita wanda ba ɗan nan ba. Dalilan suna da ɗan tsawo, amma idan ka riƙe su ba za ka sake neman mai raba muku gardama a kan wannan ba.

Me ake ƙirgawa?

Matsalar ba daga Turanci ta faro ba, daga jimlarmu ta Hausa ta faro. In muka ce “saƙonnin da ake yawan turawa”, muna iya nufin abubuwa daban-daban, kuma mai sauraro yana gane wanda ake nufi daga yanayin zancen. Wani lokaci muna nufin saƙonni ne ke shigowa bini-bini, wannan bai huce ba wani ya iso, ko da kowanne maganarsa daban. Wani lokaci saƙo ɗaya ne, kalmominsa ba sa canzawa, amma ana ɗauko shi ana sake turawa duk sanda buƙata ta taso. Wani lokaci kuma saƙon da ya zaga hannun jama'a muke nufi, wannan ya tura wa wancan har ya dawo wa mai shi. Hausa ta yarda jimla ɗaya ta ɗauki duka. Turanci kuwa sai ya tsare ka ya ce ka zaɓa. Saboda haka tambayar da nake sa ɗalibaina su yi wa kansu kafin su buɗe ƙamus ita ce: me nake ƙirgawa? Zuwan saƙonnin, ko sau nawa aka yi amfani da wannan rubutun, ko hannayen da ya bi?

Takardarka tana cikin kashi na biyu. Sanarwar hutu ba ta wuce sau uku ko huɗu a shekara, tunda zango uku ne, amma rubutunta ɗaya ne kuke sake ɗaukowa. Ka ga ba saurin zuwan saƙon ne ya sa ta shiga jerin ba, maimaita amfani da ita ne.

“Often”, “frequent” da “frequently”

Kalmar “often” bayanau ce, aikinta ta yi bayani a kan aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki. Daidai take da “sau da yawa” a wurinmu. Za ka ce “we often send reminders”, ko “we send reminders often”, duk daidai ne. Amma ba ta zama gaban suna ta siffanta shi. “Often messages” a kunnen mai Turanci kamar ka ce “sau da yawa saƙonni” ne a kunnen Bahaushe: an gane inda ka dosa, amma an ji ƙafar zancen ta gurɗe. A Turancin shekaru ɗari huɗu da suka wuce an yi amfani da ita a matsayin siffa, sai dai wannan salon ya mutu tuntuni, babu mai rubuta takardar ofis da shi yau. Af, tunda ana yawan tambayata: ko ka furta harafin t ɗin da ke cikinta ko ka haɗiye shi, duka biyun karɓaɓɓu ne.

“Frequent” ita ce siffar, kuma a nan abokin aikinka ya yi gaskiya. Asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin cunkoso, wurin da jama'a suka cika. Wannan asalin yana taimakawa wajen riƙe ma'anarta: “frequent messages” saƙonni ne da suka cunkushe a cikin lokaci, tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce. In uba ya ce “I receive frequent messages from the school”, yana nufin wayarsa ba ta daɗewa ba ta yi ƙara da saƙonku ba. Bai ce komai a kan ko rubutun iri ɗaya ne ko daban-daban ba. Shi ya sa ba ta dace da kan takardarka ba.

“Frequently sent messages” kuwa ta ɗora yawan a kan aikin turawa, kuma tana nuna akwai wasu saƙonni sanannu da ake komawa gare su. Ginin iri ɗaya ne da “Frequently Asked Questions” da kake gani a shafukan bankuna da jami'o'i, wato tambayoyin da mutane daban-daban ke ta maimaitawa. Ka lura ba a sa karan ɗori, wato alamar (-), tsakanin “frequently” da “sent”. Ƙa'idar rubutun Turanci ita ce bayanau da ya ƙare da “ly” ba a ɗaure shi da kalmar da ke binsa. In da “often” za ka yi ginin, sai ka sa karan ɗorin, “often-sent messages”, amma wannan yana da nauyi a baki, ban cika ba da shawararsa ba.

Dalilin da ya sa na fifita “templates” shi ne ita ce kalmar da masu aikin suke amfani da ita. Tana nufin rubutun da aka tanada, da gurbin suna da kwanan wata da adadin kuɗi, kamar yadda tela yake ajiye gwajin riga yana yanka a kansa. Gmail da wannan sunan yake kiran irin waɗannan saƙonni, a da yana ce musu “canned responses”, wato amsoshin gwangwani. A WhatsApp Business kuma, wanda aka fitar a 2018, sunansu “quick replies”. In shugabanku ya fi son kalma mai kama da ta ofis, “Standard Messages to Parents” ma ta yi.

Batun “severally”

Kada ka raina malamin da ya kawo wannan kalma, domin abin da ya faɗa shi ne abin da miliyoyin 'yan Najeriya ke faɗa, har da lauyoyi da 'yan jarida: “I called him severally”, wato na kira shi sau da yawa. Har babban ƙamus na Oxford ya shigar da wannan ma'anar a watan Janairun 2020, cikin kalmomi 29 na Turancin Najeriya da ya karɓa a lokacin, tare da “okada” da “danfo” da “Kannywood” ɗinmu. Amma shigarta ƙamus shaida ce cewa muna faɗa, ba alkawari ba ne cewa mutumin Landan ko na Toronto zai gane. A wurinsu “severally” tana nufin ɗaiɗai, kowa da nasa, kuma a takardun shari'a aka fi ganinta, kamar “jointly and severally liable”, wato bashin yana kan su duka a haɗe, kuma yana kan kowannensu shi kaɗai. To “messages sent severally” a idon irin wannan mai karatu saƙonni ne da aka tura wa kowa nasa daban. Na taɓa duba wasiƙar wata ɗaliba da ke neman gurbin karatu a Ingila, ta rubuta wa ofishin jami'ar cewa ta aiko musu da takardunta “severally”. Nufinta ta turo har sau uku ba amsa. Abin da za su karanta shi ne ta turo su ɗaya bayan ɗaya a rarrabe. Muka mayar da shi “three times”, muka sa ranakun. Ni shawarata kullum ita ce a rubutu ka ce “several times” ko “repeatedly”, sun isa ko'ina.

Inda Hausa ke ɓoye yawan a cikin aikatau

A nan ne na fi ganin masu jin Hausa suna tuntuɓe, kuma ba don rashin ƙoƙari ba, sai don harshenmu ya fi Turanci wadata a wannan fanni. Mu ba ma buƙatar wata kalma ta daban kafin mu nuna maimaici. Duba: ya tura, ya tuttura, yana ta turawa, ya dinga turawa, yakan tura, ya cika turawa, ya faye turawa. Kowanne da ɗanɗanonsa. “Ya tuttura” aikin ya auku sau da yawa ko ya shafi mutane da yawa. “Yakan tura” sabo ne. “Ya faye turawa” kuma akwai ɗan ƙorafi a ciki. Turanci ba ya ninka gaɓar aikatau yadda muke yi, don haka sai ya nemo wasu dabaru.

Babban tarkon shi ne “yakan”, abin da masu nahawu ke kira lokaci sabau. Ɗalibai da yawa suna fassara shi da “use to”, su rubuta “the school use to send messages every Monday”, suna nufin makarantar takan tura saƙo kowace Litinin. A Turanci “used to” na abin da ya wuce ne kuma aka daina. In ka rubuta wa iyaye “we used to send reminders”, ka gaya musu cewa a da kuna tunatarwa, yanzu kun bari. Sabon da ake kai yanzu ba ya buƙatar komai sai aikatau tsurarsa: “we send reminders every Monday”, ko ka ƙara “usually” in ba kullum ba ne. Na shekara da shekaru ina gyara wannan a jarrabawar ɗalibai, kuma abin da na ga yana aiki shi ne in ce su gwada sa “a da” a gaban jimlar Hausar. In “a da” ta zauna, “used to” ce. In ba ta zauna ba, a bar ta.

“Yana ta turowa” da “ya dinga turowa” kuma su ne “he keeps sending” da “he kept sending”. Shi kuma “ya faye” yana da abokin burmi mai kyau a Turanci wanda ba a cika koyar da shi a aji ba, wato haɗa “always” da siffar aikin da ke kan gudana. “They always send messages on Friday” labari ne kawai, sukan tura ranar Juma'a. “They are always sending messages” kuwa mita ce, sun faye tura saƙo. Bambancin ƙaramin gini ne, amma mai harshen yana jinsa nan take. In uban nan da Turanci ya rubuto ƙorafinsa, ka koma ka duba, zai yi wuya ba ka tarar da irin wannan ginin ko “keep” a ciki ba.

Idan akwai tsari

Akwai kalmar da ba ka ambata ba amma za ta yi maka amfani ƙwarai, ita ce “regular”. Tushenta ɗaya da rula da yara ke ja layi da ita, kuma ma'anarta ke nan: abu mai zuwa a kan tsari, tazararsa daidai. Saƙon da ke zuwa sau ɗaya a farkon kowane zango “regular” ne ko da yake ba “frequent” ba ne. Saƙo goma da suka zo a kwana biyu sannan aka yi wata guda shiru “frequent” ne a waɗannan kwanakin amma ba “regular” ba. “Periodic” tana kusa da “lokaci-lokaci”, “occasional” kuma “jefi-jefi”. “Recurring” ta fi dacewa da abin da aka saita a kwamfuta ko waya yana dawowa da kansa, kamar tunin ƙarshen wata. Ka guji “biweekly”, domin tana ɗaukar ma'anar sau biyu a mako da kuma sau ɗaya a mako biyu, su kansu Turawa suna rikicewa a kanta. Ka ce “twice a week” ko “every two weeks”. Mutanen Ingila suna da “fortnightly” ga na biyun, daga dare goma sha huɗu, sai dai Amurkawa ba su cika amfani da ita ba.

Saƙon da ya zaga hannun jama'a kuma, kamfanin WhatsApp ya riga ya ba shi suna. Wanda ya bi ta hannu biyar ko fiye yana fitowa da kibiya biyu da rubutun “Forwarded many times”, kuma a watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, suka taƙaita tura irinsa zuwa wuri ɗaya a lokaci guda don rage yaɗuwar jita-jita. Ka lura ba su kira shi “frequent message” ba, saboda hannaye suke ƙirgawa.

Kalmomin da ke ɗauke da ɓacin rai

Yanzu ga tambayarka ta biyu, kuma a nan ne zaɓin kalma zai iya gyara zumunci ko ya ɓata shi. Wasu kalmomin suna faɗin yawa ne kawai, wasu kuma suna faɗin yawa tare da cewa abin ya ishi mutum. “Repeated” tana da ɗan kaifi: “despite repeated reminders” a wasiƙar kuɗin makaranta tana nufin mun yi ta tuni ba ku biya ba, kuma uba zai ji zargin. “Constant” da “incessant” su ne “ba ƙaƙƙautawa”, kuma in aka jingina su da saƙo ko kira kusan kullum ƙorafi ne. “Persistent” naci ne. “Bombard” da “flood” su ne irin namu na “sun yi mini ruwan saƙonni”. “Continual” abu ne mai tsayawa ya dawo, “continuous” kuma wanda bai yanke ba ko kaɗan, don haka saƙonni “continual” suke zama.

Wani ɗan kasuwa da ke sayo kayan waya daga Guangzhou ya taɓa kawo mini saƙon godiya da zai aika wa dillalinsa. Ya rubuta “thank you for your constant messages”, zuciyarsa ɗaya, yana yaba wa mutumin da ba ya barinsa cikin duhu a kan kayansa. Da a ce “constant support” ya rubuta da babu laifi, domin goyon baya ba ya gundura. Amma kowace ƙwarya da abokiyar burminta, kuma “constant” in ta haɗu da “messages” sai ta koma kamar gugar zana. Muka sauya zuwa “regular updates”, wato bayanan da kake aiko mini a kai a kai, saƙon ya fita da ma'anar da ya nufa.

Kalmar “spam” kuma kada ta fito daga bakinka a kan saƙonnin makaranta, ko da uban ya yi amfani da ita. Asalinta sunan wani naman alade ne na gwangwani da aka fara sayarwa a Amurka a 1937, daga baya ta zama sunan saƙon da ba a nema ba. Wanda ake ɗauka a matsayin na farko a tarihin imel, wani mai tallan kwamfuta mai suna Gary Thuerk ne ya aika shi a 1978 ga mutane kusan 400 a lokaci ɗaya. Sau ɗaya ya tura, amma sunan ya kama shi, domin abin da ke sa saƙo ya zama “spam” shi ne an watsa wa jama'a ba da yardarsu ba. A harshen hukuma ana cewa “unsolicited messages”, kuma irinsu ne hukumar sadarwa ta NCC ta buɗe wa lambar 2442 a 2016, inda mutum zai tura STOP a daina aiko masa da tallace-tallace. Uban da ya ba makaranta lambarsa don a riƙa sanar da shi halin ɗansa ba ya cikin wannan sahu. Abin da ya dame shi yawa ne, kuma kalmar da ta dace ita ce “too frequent” ko “too many”.

Sai dai in faɗa maka iyakar abin da kalma za ta iya yi. Babu ƙamus da ya yanke cewa daga sau kaza “frequent” take farawa. Saƙon banki biyu a rana ba ya damun mai shago, kiran taro biyu a mako kuwa zai ishi kowane uba. Kuma duk abin da na kawo maka a kan Turancin rubutu ne na ofis da makaranta, wanda shi nake koyarwa nake fassara da shi; hirar matasa a waya tana da nata salon daban. Saboda wannan rashin ma'aunin ne nake cewa duk inda za ka iya sa adadi, ka sa adadi. “One message a week” ba ta barin gardama, “less frequently” kuwa kowa da yadda zai auna ta.

Ga yadda zan rubuta wa uban in ni ne kai: “Dear Sir, thank you for bringing this to our attention. We understand that our messages have been too frequent this term, and we apologise for the inconvenience. From next week, we will send one regular update every Thursday. Fee reminders will go only to parents with an outstanding balance, and any other message will be for urgent matters only.” Ka ga an amsa laifin da “too frequent” ba tare da an zagi kai ba, an yi alkawari da “regular” da rana tsayayya, an kuma raba masu bashi da waɗanda suka biya, wanda sau da yawa shi ne ainihin abin da ke ɓata wa iyaye rai: mutum ya biya tun makon farko amma tunin kuɗi yana ta shigo masa. Kafin ka tura, ka kai wa shugaban makaranta ya gani ya amince da ranar da kuma tsarin, domin alkawari ne da sunan makaranta, kuma uban zai riƙa duba wayarsa ranar Alhamis.